Ciwon da ke ƙarƙashin sirdi

Salamar Ubangiji gare ka, mai gabatar da wannan shiri. Ni ne Bitrus, mai kula da dawakan wani Alhaji a Nasarawa GRA.

Kwanakin baya wani doki da muke kira Akawal ya fara harbi duk lokacin da na ɗaura masa sirdi. Na ce taurin kai ne, na zuba masa bulala kwana uku. Sai Malam Sule, direbanmu, ya ce, "Bitrus, duba bayansa mana." Ashe gyambo ne ya ci wurin.

Nan take ƙanena Ayuba ya faɗo mini a rai. Da ya daina zuwa sujada, a gaban dangi na zarge shi da barin Yesu. Ban tambaye shi dalili ba. Daga baya na ji matarsa ɓari ta yi, ba ya iya jure ganin ana sa wa jarirai albarka.

Akawal ya warke, har yana cin dawa a tafin hannuna. Ayuba kuwa ba ya ɗaga wayata. Jama'a, ta ina zan fara? Ayuba, in kana saurare, yayanka ne ya yi dukan bai duba ba.