Ƙafata Ce Ke Zaɓa Masa Waƙa

Jawabin Malam Tsoho direba a taron tunawa da ɗansa Fu'ad, makaɗin jita, a unguwar Park Hill

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah gafarta Malam, limaminmu Abdul-Jalil, shugaban ƙungiyarmu da dattawan da ke gefensa, manyanmu na ofishin jakadanci, da kuka baro kujeru masu laushi kuka zo kuka zauna a na ƙarfe, 'yan'uwana direbobin tasi na filin jirgin saman JFK, da na san rabin hankalinku na kan motocin da kuka ajiye inda ba a ajiyewa, Hajiya Turai, mahaifiyar marigayi, Zahra, matarsa, da ku yaran nan masu baƙaƙen riguna da kuka cika bayan ɗaki, abokan kiɗansa. Ina gaishe ku baki ɗaya.

An ce in yi jawabi. Ni da karatuna ya tsaya a firamare. Ba korata aka yi ba, ni da malamin ne muka dubi juna muka ga gara kowa ya huta. Don haka in na karkace, ku yi haƙuri.

Kun san al'adarmu. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya yabonsa, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Da wannan kunyar na sauka a ƙasar nan, 'yan kwastan suka caje jakata kaf, ita ba su gan ta ba. Tun da aka haife shi, "kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Wata malamarsu ta taɓa jan Hajiya gefe, ta tambaye ta ko mijinta yana da ciwon mantuwa.

To yau ga ni an tsayar da ni in yabe shi. Bari in fara da abin da ku kuka sani, don in ɓuya a bayanku.

Ya kasance shi ne mai gyara mana lasifikar masallaci. Kafin shi, huɗubar Malam sahun gaba kaɗai ke ji, mu na baya sai mu ce amin a kan yarda. Ya kasance ba a suna ko biki daga nan har Tompkinsville bai zo da wayoyinsa a kafaɗa ba, ya haɗa, ya ci tuwo, ya tafi. Ya kasance yana tara yaranmu ranar Asabar yana koya musu jita, yaran da in ba don shi ba, Allah kaɗai ya san kwanar da za mu je nemansu. Mu mutanen Park Hill mun ci moriyar yaron nan, har waɗanda a cikinmu suka yi ta cewa ɗan Tsoho ya lalace. Ba na jin haushin kowa. Ni na fara faɗa.

Kiɗan da yake yi shi ake kira rok. Ga dattawan da ba su sani ba, kiɗa ne da in ka jiyo daga nesa sai ka ɗauka tukwane ne suka zubo daga kan kanta. Da rana yana lodin kaya a JFK, ni kuma ina layin tasi. In ya tashi da la'asar sai in ɗauko shi mu taho gida. Da ya shigo sai ya haɗa wayarsa da rediyon motata, ba sallama ba neman izini, ya saki sababbin waƙoƙinsu. Kowace ta ƙare sai ya juyo da Hausarsa mai ɗingishi ya ce, "Baba, yaya?"

Ni kuma in ce, "Hayaniya."

Wata rana na tambaye shi me ya sa yake ta sauya wa waƙoƙin wuri, wannan gaba, waccan baya. Ya amsa da Turanci, ni zan mayar muku. Ya ce, "Baba, wasa duk a waƙa biyu yake. Ta farko dole ta fizgo wanda ke bakin ƙofa yana surutu, ta jefo shi ciki. Ta ƙarshe ita ce ke raka mutum gida. Ta tsakiya ko ka yi kuskure za a yafe maka." Na ce to Allah ya ba da sa'a, ni dai a rage ƙara.

Da ciwo ya kwantar da shi, har Allah ya karɓi abinsa, na ɗauka wannan zance ya tafi tare da shi. Sai makon jiya Moro, mai buga musu ganga, wancan dogon da ke sunkuyar da kai, ya same ni a layin tasi. Ya ce ranar Asabar za su yi wasa na ƙarshe da sunansa, kuma sun kusa dambe a kan waƙar buɗewa da ta rufewa. Wai ni zan raba gardama.

Na ce, "Moro, ka rasa wanda za ka yi wa ba'a sai tsohon da ke cikin makoki?"

Ya ce, "Wallahi Baba, ai mu ba mu taɓa zaɓa ba. Kai ne ke zaɓa."

Ashe yaron nan ba bakina yake saurare ba. Ya san bakin ba zai ba shi komai ba. Ƙafata yake kallo. Waƙar da ta sa na taka mota har na fara zagin na gabana, da ita suke buɗewa. Wadda ta sa na saki totur ban sani ba, har na baya suka dame mu da ham a kan gada, da ita suke rufewa. Shekara da shekaru ina yi wa 'yan rok aiki, ko shayi ba su taɓa saya mini ba.

Muka shiga mota da Moro, ya saki waƙoƙin da marigayi ya bari. Amma abin ya ƙi. Tunda na san ana kallon ƙafar, sai ta fara ƙarya. In taka, in saki, in sake takawa, har Moro ya roƙe ni in tsaya kada ya yi amai. Ya ce, "Baba, ƙafa ta lalace. Saura baki."

Shi ya sa na yarda na tsaya a nan. In ban faɗa ba, yaran nan za su rufe masa wasa da abin da ba a tambaye ni ba, shi kuwa bai taɓa hawa dandali bai tambaye ni ba.

Moro, buɗe kunnenka. Ku fara da mai tukwanen nan, wadda gangarka ke shigowa kafin mutum ya gyara zama. Har yanzu ba na son ta, kun ga ke nan ta dace.

Ta rufewa kuwa, akwai wadda ya ɗauka a gida yana kwance, shi da jitarsa kawai, muryar ta riga ta yi siriri. Ba ku sa ta a lissafi ba, kun ce ba a gama ta ba. Zahra, 'yata, ke kika riƙe masa wayar, kin san abin da ke ƙarshenta. Bayan kiɗan ya tsaya, ya yi tari, ya yi 'yar dariya, sannan ya ce, "Baba, yaya?" Don ya sa mini a mota ya ɗauke ta. Ba mu samu shiga motar ba.

Da ita za ku rufe. Kada ku gyara komai, ku bar tarin, ku bar tambayar.

Hajiya, ki zo ranar Asabar. Zan sayo miki audugar toshe kunne, ki cire a waƙar ƙarshe. Zahra, gidanmu gidanki ne, jiya da yau duk ɗaya. Allah gafarta Malam, ban ce ka zo ba, amma in ka ga motata a ƙofar wurin, ka ɗauka fasinja na kawo.

Dattawa, ku yafe mini, zan karya al'ada sau ɗaya a gabanku. Yaro ya yi tambaya, ya daɗe yana jira.

Fu'ad. Ta yi daɗi, Fu'ad. Dukkansu sun yi daɗi.

Na gode muku da kuka baro ayyukanku kuka zo. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ladan kowace huɗubar da ya jiyar da mu a mizaninsa. Allah ya ba mahaifiyarsa da matarsa haƙuri, ya raka kowannenku gida lafiya. Malam, a yi mana Fatiha.