Jinin da na ba maigidana

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Rabi ce daga Akokan.

Maigidana ya kwanta ciwo tun da aka sallame su shi da abokan aikinsa daga ramin haƙar uranium. Tawaye ya rufe hanyar Agadez, jini ya yi wuya, sai na ba shi nawa. Ana cikin ƙara masa, numfashinsa ya sarƙe, da ƙyar ya tsira.

Lokotoron asibiti ya ce mini, "Yawan haihuwa ne ya sa jininki ke yaƙar fararen ƙwayoyin jininsa."

Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ba wanda ya duba huhunsa a ga ko ƙurar ramin ce. Yanzu yayarsa ta hana shi cin tuwona, wai ni na cuce shi. Don Allah a tambayar mini masana: haihuwa na yin haka, ko wani abu ake rufewa da jinina?