Sandar Hamma Ta Tafi Makka

A tashar Zuru, ranar kasuwa, wani dattijo daga Mahuta yana ta tambayar fasinjoji ko sun ga Hamma a hanya. Wani matashin malamin makaranta mai jiran motar Kwantagora ya tanka masa.

"Baba, wane ne Hamma?"

"Mai rufe mana taro. Rijiyarmu ta rufta, muka taru muka yarda a haƙa sabuwa. Amma a wurinmu magana ba ta zama magana sai Hamma ya buga sandarsa a ƙasa."

"Bai buga ba?"

"Ya ɗaga ta, sai aka kira salla. Da gari ya waye ya bi ayarin Makka a ƙafa, da sandar."

"Yaushe ke nan?"

"Jikana da aka haifa ran nan, yanzu shi ke kiwon awaki."

"To ina kuke samun ruwa?"

"Mata ke zuwa rafi. Tawa har ƙugunta ya riƙe."

"Irin wannan ke kashe ƙasar nan! Ku ɗauki diga ku haƙa."

"Ba a tashi taro ba, ɗana. Ni da kake gani, cikin taro nake. Cewa na yi zan kewaya, na fito."

"Ku naɗa wani, ku sara masa sanda. Itace ya ƙare a Mahuta ne?"

"Naɗi sai an kira taro."

"Ku kira mana."

Dattijon ya dube shi da tausayi. "Kai da ka yi boko, Malam. A bisa wancan za mu ɗora shi?"