Bindigar da Ta Fi Kowacce Ƙyalli

Shugabar ƙungiyar maƙeran bindiga, Misis Perpetua Lavador. Kapitan mai unguwarmu, wanda ya ara mana wannan filin ƙwallon kwando. Padre Anselmo, limamin cocinmu, wanda ya buɗe mana taro da addu'a. Wakilin 'yan sanda, wanda a da in na hango hularsa sai in bi ta taga, yau kuma ga mu a tebur ɗaya. Dattawan sana'a, iyaye mata, maƙeran cikin gari da maƙeran kan dutse, jama'ar garinmu Danao baki ɗaya, barkanku da rana.

Ina godiya ga ƙungiya da ta sake ɗora mini alƙalancin jarrabawar bana, karo na goma sha bakwai ke nan. Ina godiya ga matan da suka wuni a bakin murhu, ƙamshin aikinsu yana iso ni har nan, kuma na san shi kuke jira, ba surutuna ni tsoho Teryo ba. Ku yi haƙuri da ni kaɗan. Na gaji, jama'a. Idona ya gaji, bayana ya gaji, bana kuma har zuciyata ta gaji.

Kun san ƙa'idarmu. Duk mai neman hatimin ƙungiya ana ba shi tsohuwar bindiga wadda bututunta ya cinye, ya ƙera mata sabo, ya ɗaura. Daga nan a kulle bindigogin a ɗaki kwana uku, alƙali kaɗai ke da makulli. Wanda ya ci, ya samu benci a maƙera mai lasisi, ya yi aiki ƙofa a buɗe, ya koma gida da yamma kamar kowa. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Ya koma bukkarsa a kan dutse, yana ƙira a ɓoye ba lasisi, yana kasa kunne ko karnuka za su yi haushin zuwan 'yan sanda. Bana bindiga uku aka kawo mini: ta Rogelia Manulat, ta Wenceslao Tumulak, sai ta Apolonio Capuyan, wanda kuka sani da Poloy. Kun kuma san Poloy kumpare na ne, wato ni na riƙe 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna Pare, matarsa kuma nake kiranta Mare. Na faɗa da bakina kafin wani ya faɗa a bayana.

Abu na farko da nake dubawa shi ne zaman bututu a jikin bindiga: ko ya murɗu ya zauna daram, ko harsashi yana shiga ɗakinsa ba matsi ba lilo. A nan duk ukun sun yi. Na Poloy ya fi na sauran, domin na saka ma'auni har sau uku ina neman aibi, ban samu ko na gashin kai ba. Da magagari da tsohon injin da ya ƙera da kansa ya yi wannan aiki, a ƙarƙashin rufin kwano mai yoyo. Duk wanda ya ce hannun kan dutse bai kai na gari ba, ya zo in nuna masa.

Abu na biyu shi ne fuskar aiki: gogewar ƙarfe, rinin baƙi, da yadda katako ya rungumi bututu. Aikin Rogelia tsaf yake, babu ado babu kuskure. Wenceslao, akwai sawun magagari guda biyu a ƙasan naka. Ka ɗauka tsoho ba zai juya bindiga ya duba cikinta ba. Na gani, amma ba zai hana harsashi tafiya ba. Ta Poloy kuwa, ga ta nan a kan tebur, kuna ganinta tun daga baya. Tun safe mutane ke zagaya ta suna duba fuskarsu a jikinta.

Abu na uku, kuma a kansa zan daɗe, shi ne leɓen bakin bututu, wanda muke kira korona. Faɗinsa bai kai farce ba, amma nan ne wuri na ƙarshe da harsashi ke taɓawa kafin ya shiga duniya. Idan leɓen ya yanku daidai, mai kaifi, da'ira cikakkiya, iskar albarushi za ta saki harsashi ta kowane gefe lokaci guda, ya tafi inda aka aike shi. Idan gefe ɗaya ya ɗan zaizaye, iskar za ta riga ta can, ta ture gindin harsashin, ya kama wata hanya dabam. Shekara goma sha bakwai ina faɗin wannan a wannan fili, shekara goma sha bakwai kuna gyaɗa kai, shekara goma sha bakwai ana kawo mini leɓe a murje.

Na kuma san dalili, domin ni ma a kan dutse na tashi. Mai sayen bindigar kan dutse ba ya gwada ta; sauri yake, tsoro yake, da ido yake saye. Saboda haka iyayenmu suka koya mana cewa kafin bindiga ta bar hannunka sai ka kai ta injin goge, ka bi ta daga gindi har baki, har ta yi ƙyalli. Wannan ɗabi'a ta ciyar da mu, ta kai 'ya'yanmu makaranta. Amma injin goge bai san leɓe ba. Daƙiƙa biyu ya ishe shi ya cinye kaifin da mutum ya yi wuni yana yanka.

Gwajina uku ne, kuma ba na ɓoye su. Na zura auduga a baki na jawo, na ɗora gilashin ƙara girma, sannan na harba biyar a mita ɗari, na duba baƙin hayaƙin da ya zauna a baki. A bindiga mai kyau yakan fito kamar tauraro, rassansa duk tsawo ɗaya. Na Rogelia ya fito haka, harsasanta biyar kwalin ashana ya rufe su. Na Wenceslao ma haka. Na Poloy, rassa biyu sun yi tsawo, ɗaya ya ɓace, harsasan sun watse a takarda, faranti ba ya rufe su. Na ce ko hannuna ne ke rawa. Na goge, na huta, na sake harba biyar. Na sake wasu biyar. Ban taɓa ɓata harsashi goma sha biyar a kan bindiga ɗaya ba sai wannan.

Sati biyu da suka wuce na haɗu da matar Poloy, Mare Luding, a kasuwar kifi. Ta ce mini, "Pare, kana ta kauce mini kamar na shafa wani abu." Na ce, "Mare, kin san doka, alƙali ba ya hira." Ta ce, "Wa ya ce ka yi hira? Ni dai ina gaya maka gwiwoyin abokinka sun ƙare. Shekara sittin da uku, yana hawan dutsen nan da sanda. In aka sake kama shi, wannan karon a akwati za a dawo mini da shi." Na ce, "Mare, ki gaya masa abu ɗaya kawai, kada ya kai bakin kan injin goge." Ta yi dariya ta ce, "Haba Pare, shi za ka koya wa ƙira? Je ka sayi kifinka." Ko wannan kalma ɗaya da na faɗa ta ƙetare ƙa'ida, Misis Shugaba, ki rubuta mini ita.

Akwai wadda ta fi ta. Jiya da hantsi, a ɗakin nan da ke kulle, na ɗauki bindigar na ɗaura ta a kan injin yanka. Minti goma ya ishe ni in share bakin in yanka sabon leɓe, babu mai sani sai Allah. Na kunna injin, na tsaya ina kallonsa yana juyawa, na kashe, na kwance ta. Hatimin nan shaida ce cewa hannun mutum ya daina wannan kuskure. In na gyara wannan, wa zai bi bayan sauran ɗari da za su fita da hatiminmu zuwa hannun masu gadi da maharba, waɗanda za su saita nan harsashi ya tafi can, inda wataƙila akwai mutum? Ban ji na yi jarumta ba. Baƙin ciki na ji, kuma har yanzu shi nake ji.

Saboda haka, a gaban Shugaba da wannan taro, ina sanar da cewa hatimin bana na Rogelia Manulat ne da Wenceslao Tumulak. Ku tafa musu, sun cancanta.

Pare Poloy, na ga ka miƙe. Na ga ka ɗauki hularka. Ku ba shi hanya, kada kowa ya tare shi, kada kowa ya ba shi haƙuri a madadina. Mare, ki riƙe masa hannu a matakala. Yana da gaskiyar yin fushi, ni kuma ba ni da abin da zan janye.

Allah ya albarkaci hannun waɗanda suka ci, ya kiyaye su daga ganganci. Allah ya saka wa shugabanninmu da iyayenmu mata. Allah ya tsare duk wanda zai hau dutse gobe da safe, ya ƙarfafa masa gwiwa, ya kawar da idon mai nema daga bukkarsa, ka yafe mini, wakilin 'yan sanda. Allah ya kai mu baɗi, ni da shi, muna da rai. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.