Ruwan da Inna Ta Ƙi Sha

A ɗakin jiran likita, wata mata ta miƙa wa tsohuwar da ke gefenta ruwa.

"Inna, leɓɓanki sun bushe, ki ɗan sha."

"Na gode, 'yata, ba na jin ƙishi."

"Haka mahaifiyata ke cewa kullum. Ku tsofaffi sai ka ce raƙuma."

Tsohuwar ta yi dariya, ta rage murya. "Fitsari ne ba na iya riƙewa, ƙunzugun manya kuma ya yi tsada. In ban sha ba, ɗaya ya kai ni dare. Ɗana ke saye, ina tausayinsa."

Matar ta kalli gorar ruwan da ke hannunta.

"Ni ke saya wa tawa. Har yabonta nake yi, wai tana da tattali. Ashe ƙishi take ji."