Kalmar da Malama Ta Rubuta wa Jikata

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da aiki. Ni manomin albasa ne daga Danchadi.

Jikata Hajo ta kawo takardar sakamako daga firamare. Malamarsu ta rubuta wata kalmar Turanci a ƙasa, wai "raskal". Ubanta ya ce zagin gidanmu anka yi, kuma yarinya ta bar boko daga ranar. Na ce shi dakata in bincika.

Duk da tsadar mota a wannan matsi, na tafi Bodinga wurin wani tsohon tela da ya yi aikin soja. Ya karanta takardar, ya yi ta dariya. Ya ce: "Baba, can da Turawa na kiran 'yan tasha da ita. Yanzu kuwa manya na faɗa wa yaro mai ƙiriniya cikin wasa, kamar yadda kake ce wa jikarka ja'ira. Duba sama, ita ta zo ta ɗaya!"

Ashe laifinta, kwaɗo ta saka cikin kwalin allin malama. Na dawo na ce wa ubanta: "Kai da ka ɗaure wa liman takalma kana yaro, wa ya kore ka?" Ya janye maganarsa. Hajo na nan makaranta, alhamdu lillahi.

Shawara nike nema wurin kakanni: ina kuke ɓoye batirin rediyo? In kun karanta wasiƙar ga ban ji ba, to ja'irar ce ta kwashe.