Ƙofar da Aka Gasa Rago da Ita

A shagon fenti a unguwar Al Asmakh, can ƙasar Larabawa, wani direba Bakano ya tare wani dattijo mai gadi da ƙorafi.

"Baba, ka ji masifa! Wata biyar kafil ɗina, ubangidan nawa, yana gyaran tsohon gida zai sayar. Tayil, fenti, ƙofar alminiyam. Jiya mai saye ya ce tsohuwar ƙofar katakon yake so, in babu ita, khalas, an fasa ciniki."

"To, ku mayar da ita mana."

"Ina zan samo ta? Ni na faskara ta da Babbar Sallah, muka gasa rago!"

"Gida mai bishiyar magarya?"

"Shi fa."

"Wallahi na ci naman nan, ɗana. Har sai da na tambayi inda aka samo icen."